Eugène Houdry

Eugène Jules Houdry (18 ga Afrilu, 1892 – 18 ga Yuli, 1962) injiniya ne kuma mai ƙirƙira, haifaffen ƙasar Faransa, wanda daga baya ya zama ɗan ƙasar Amurka. An san shi da abubuwa biyu da suka shafi mota. Na farko shi ne hanyar da ya gano ta fasa ɗanyen mai da sinadarin katalis domin samun fetur mai ƙarfi. Na biyu shi ne tukunyar tace hayaƙi da ake ɗaurawa a jikin salansa, wadda kanikawa a Najeriya suke kira indomi. Son tseren mota da neman ƙarfin inji ne suka kai shi ga binciken man fetur, sannan ya ƙare rayuwarsa yana neman hanyar rage gubar da injin yake fitarwa.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Houdry a garin Domont da ke arewa da birnin Paris. Mahaifinsa, Jules Houdry, yana da kamfanin sarrafa ƙarfe. Ya yi karatun injiniyan injuna a makarantar École des Arts et Métiers da ke Châlons-sur-Marne, ya kammala a shekarar 1911 yana na ɗaya a ajinsu, abin da ya sa aka ba shi lambar zinare. Ya kuma buga wa makarantar ƙwallon ƙafa. Bayan kammala karatu ya shiga aiki a kamfanin mahaifinsa.

Aikin soja

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, Houdry ya yi aiki a rundunar manyan bindigogi ta sojan Faransa, daga baya aka mayar da shi sabuwar rundunar tankokin yaƙi. A watan Afrilun 1917, lokacin da Faransa ta fara shigar da tankoki fagen daga, ya samu mummunan rauni a yankin Juvincourt. Gwamnatin Faransa ta ba shi lambar Croix de Guerre, ta kuma saka shi cikin masu lambar girma ta Légion d'honneur.

Tseren mota da binciken man fetur

Bayan yaƙi ya koma kamfanin mahaifinsa, yana kuma tseren mota da mota ƙirar Bugatti. A 1922 ya ziyarci Amurka, ya kalli gasar tseren Indianapolis 500, ya kuma zagaya masana'antar Ford a Detroit. Abin da ya fahimta shi ne, maƙera suna iya ƙera inji mai ƙarfi, amma man fetur na wancan zamani ba ya jure matsi. Idan matsin ya yi yawa a cikin silinda, man yakan kama da wuta kafin lokacinsa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa, ƙarfinsa ya ragu. Ma'aunin jure wannan matsi shi ake kira oktan.

Faransa ba ta da rijiyoyin mai na kirki, amma tana da wani nau'in kwal mai laushi da ake kira lignit. Houdry ya samu labarin wani mai haɗa magunguna a birnin Nice, E. A. Prudhomme, da yake gwajin fitar da fetur daga wannan kwal ta amfani da katalis. Katalis wani abu ne da yake gaggauta sauyin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Houdry ya kafa ɗakin gwaji a Beauchamp kusa da Paris, kuma da tallafin gwamnati aka gina ƙaramar masana'anta a Saint-Julien-de-Peyrolas a kudancin ƙasar, wadda ta fara aiki a 1929. Man da ta fitar bai kai yadda aka yi tsammani ba, kuɗin sarrafa shi kuma ya fi na shigo da mai daga waje, sai gwamnati ta janye tallafinta aka rufe ta.

Kafin a rufe ta, Houdry ya riga ya juya hankalinsa ga ɗanyen mai. Bayan gwada ɗaruruwan sinadarai, a 1927 ya gano cewa wani irin yumɓu mai ɗauke da silika da alumina yana fasa mai mai kauri ya mayar da shi fetur mai oktan mai yawa. Matsalar ita ce baƙin gawayi yakan lulluɓe yumɓun cikin ɗan lokaci ya daina aiki. Ya magance wannan ta hanyar hura iska mai zafi ta ƙone gawayin, yumɓun ya koma aiki kamar sabo.

Komawa Amurka

Kamfanonin Faransa ba su ba shi goyon bayan da yake nema ba. A 1930 kamfanin Vacuum Oil ya gayyace shi Amurka, ya koma da gwajinsa Paulsboro a jihar New Jersey, aka kafa Houdry Process Corporation a 1931. Karayar tattalin arziki ta waɗannan shekaru ta tsayar da aikin, har sai da kamfanin Sun Oil ya shigo a 1933. An gwada hanyar a ƙaramin sashe a Paulsboro a 1936, sannan a 1937 babban sashe na farko ya fara aiki a matatar Sun Oil da ke Marcus Hook a jihar Pennsylvania. Hanyar ta ninka yawan fetur mai kyau da ake samu daga gangar ɗanyen mai idan aka kwatanta da tsohuwar hanyar dafawa da zafi kaɗai.

Yaƙin Duniya na Biyu

Matatun da suke aiki da hanyar Houdry sun samar da kaso mai yawa na man jirgin sama mai oktan 100 da jiragen yaƙin Birtaniya da Amurka suka yi amfani da shi. Wannan mai ya ba jiragen damar saurin tashi da ɗaukar kaya mai nauyi. Houdry ya kuma samar da hanyar fitar da butadin daga iskar gas, sinadarin da ake yin robar taya da shi, a lokacin da Japan ta mamaye ƙasashen da ake noman roba a Asiya.

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, Houdry ya yi adawa da gwamnatin Vichy da ta miƙa wuya. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar France Forever a Amurka domin mara wa Janar Charles de Gaulle baya. Gwamnatin Vichy ta ƙwace masa shaidar zama ɗan ƙasa a 1941, ya karɓi ta Amurka a 1942.

Tukunyar tace hayaƙi

Bayan yaƙi motoci sun yawaita a biranen Amurka, wani hazo mai yaji ya riƙa rufe birnin Los Angeles yana sa hawaye da tari. Binciken masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa hayaƙin mota ne yake haɗuwa da hasken rana ya haifar da hazon. Houdry ya damu da abin, yana kuma ganin gurɓatar iska tana da hannu a yawaitar ciwon dajin huhu. Ya kafa kamfanin Oxy-Catalyst, ya fara da na'urorin tace hayaƙin masana'antu, sannan ya yi wa ƙananan motocin ɗaga kaya da suke aiki cikin rufaffun ɗakunan ajiya. A 1956 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 2,742,437 a kan wannan fasaha.

Tsarin aikin tukunyar shi ne hayaƙi ya ratsa ta kan katalis mai zafi kafin ya fita. A nan iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari amma tana kisa, takan koma kabon dayoksaid, ragowar man da bai ƙone ba kuma ya koma ruwa da kabon dayoksaid.

Fasahar ba ta shiga motocin jama'a ba a zamaninsa. Tun shekarun 1920 kamfanonin mai suke zuba sinadarin dalma a fetur domin ɗaga oktan cikin araha, ita kuwa dalma takan lulluɓe katalis ta kashe shi. Muddin ana sayar da fetur mai dalma, tukunyar ba za ta daɗe tana aiki ba.

Iyali da mutuwa

Houdry ya auri Geneviève Quilleret a 1922, sun haifi 'ya'ya maza biyu, Jacques da Pierre. Ya rasu a ranar 18 ga Yuli, 1962 a Upper Darby da ke jihar Pennsylvania, yana da shekara 70. Ya bar takardun mallakar ƙirƙira fiye da 100.

Bayan rasuwarsa

Dokar tsaftar iska da Amurka ta yi a 1970 ta tilasta wa kamfanonin mota rage gubar hayaƙi, aka fara sayar da fetur marar dalma, kuma daga motocin ƙirar 1975 yawancin sababbin motoci a ƙasar suka fito da tukunyar. Injiniyoyin kamfanin Corning ne suka ƙera cikinta na tangaran mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Carl Keith da John Mooney na kamfanin Engelhard suka samar da nau'in da yake tace guba iri uku, har da iskar naitirojin oksaid. Ƙasashen Tarayyar Turai sun bi sahu a farkon shekarun 1990. Ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina fetur mai dalma zuwa farkon 2006, Aljeriya kuma ta zama ta ƙarshe a duniya a 2021.

A ɓangaren tace mai, wata sabuwar hanya da katalis yake gudana kamar gari a cikin bututu ta maye gurbin ta Houdry tun daga 1942, amma a kan tushen da ya kafa aka gina ta. Irin wannan sashe aka saka a matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980.

Cire tukunyar daga mota

Tun da tukunyar ta shiga motoci ake samun masu cire ta. A Amurka da Turai masu son gudu da ƙarar salansa sukan yanke ta su sa bututu miƙaƙƙe, ko su musanya ta da mai faffaɗan ramuka. Tukwanen farko na shekarun 1970, masu cike da ƙananan duwatsu, sun riƙa danne numfashin inji sosai, daga nan ne ra'ayin cewa tana rage ƙarfin mota ya samo asali. Na zamani masu saƙar zuma ba sa danne hayaƙi haka, don haka ƙarfin da ake samu bayan cire lafiyayyar tukunya kaɗan ne a motar hawa ta yau da kullum. Abin da yake ƙaruwa a fili shi ne ƙara da warin hayaƙi. A motocin da suke da na'urar auna iskar oksijin a bayan tukunyar, fitilar gargaɗin inji takan kunnu ta zauna. Dokar Amurka ta haramta cirewar a motar da take hawa titin jama'a.

A Najeriya yawancin motoci na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko tokumbo, kuma da tukunyarsu suke shigowa. Sunan indomi ya samo asali ne daga kamannin cikinta da dunƙulen taliyar. A garejojin Kano da na garuruwan bakin babbar hanya irin su Wudil, dalilin cire ta ya fi karkata ga toshewa da kuɗi. Tukunya takan toshe idan inji yana shan baƙin mai, ko fulogi ya mutu ɗanyen fetur yana ratsawa yana narkar da tangaran ɗin, fetur mai yawan sulfa kuma yana rage ingancinta. Motar da tukunyarta ta toshe ba ta jan hawa, da an fasa cikin sai ta saki, shi ya sa mai mota yakan ɗauka tukunyar ce ciwon, alhali lalurar injin da ta toshe ta tana nan.

Dalili na biyu shi ne ƙarafa masu daraja da aka shafe cikinta da su, wato filatinam da faladiyam da rodiyam, waɗanda akasari ake haƙowa a Afirka ta Kudu da Rasha. A 2021 farashin rodiyam ya ninka na zinare sau da yawa, satar tukwane ta yawaita a ƙasashe da dama. Wannan ne ya sa masu sayen motar hannu suke duba ƙarƙashinta su tabbatar ba a yanke tukunyar an yi walda ba.

Direban da ya cire tukunya ba shi ne ya fi shaƙar hayaƙin ba. Masu shaƙarsa su ne waɗanda suke wuni a bakin titi: 'yan talla, masu shayi, 'yan acaɓa, ma'aikatan tasha, da jama'ar da suke cika hanya a wurare irin gadar Wudil ranar kasuwar Juma'a, lokacin da motoci suke tsayawa inji yana aiki.

Lambobin yabo

Cibiyar Franklin ta ba shi lambar Howard N. Potts a 1948. Ya samu lambar Perkin a 1959, da lambar E. V. Murphree ta Ƙungiyar Masana Sinadarai ta Amurka a 1962. A 1990 an saka sunansa a zauren tunawa da manyan masu ƙirƙira na Amurka, a 1996 kuma ƙungiyar masana sinadaran ta ayyana hanyar Houdry a matsayin abin tarihi a matatar Marcus Hook.