Tarihin Waliyyiya Tereza Mai Ƙaramar Hanya

An haifi Tereza a garin Alanson na ƙasar Faransa ranar 2 ga Janairu, 1873. Babanta mai sana'ar agogo ne, mamarta kuma tana saƙa leshi. Ita ce auta a cikin 'ya'ya tara, amma huɗu sun rasu tun suna ƙanana. Tana shekara huɗu mamarta ta rasu, sai babanta ya kwashe su suka koma garin Lisiyo.

Tun tana yarinya take son ta zama sista a ɗarikar Katolika, amma aka ce ta yi ƙanƙanta. A 1887 ta je har Roma ta roƙi Fafaroma Liyo na 13 da bakinta. A watan Afrilun 1888 aka karɓe ta a gidan sistocin Karmel tana shekara 15.

Zaman gidan ba sauƙi. Ba sa cin nama, kuma suna azumi daga 14 ga Satumba har zuwa Ista. Tereza ta ga ba za ta iya manyan ayyuka irin na manyan waliyyai ba, don haka ta zaɓi yin ƙananan abubuwa da ƙauna saboda Allah. Wannan shi ake kira Ƙaramar Hanya. Duk abincin da aka ba ta takan ci ba gunaguni, ko da ragowa ne. A wurin wanki wata sista takan fantsama mata ruwan datti a fuska, amma ba ta nuna ɓacin rai ba. Akwai kuma wata da halinta bai yi mata ba, ita ce ta fi yi wa fara'a, har matar ta ɗauka ita ce ƙawarta.

Tarin fuka ya kama ta, ta rasu ranar 30 ga Satumba, 1897, tana shekara 24. Bayan shekara ɗaya aka buga labarin rayuwarta da ta rubuta, ya bazu a duniya. A 1925 Fafaroma Piyus na 11 ya sa ta cikin waliyyai, kuma ana tunawa da ita kowace ranar 1 ga Oktoba.

'Yan'uwana ɗalibai, ba sai muna da kuɗi ko mun girma za mu yi alheri ba. Raba abincin tara da wanda bai zo da komai ba, ko haɗiye fushi idan an tsokane mu, duk muna iyawa tun yau.