John Browning, maƙerin da ƙaramar bindigarsa ta shekara 74 a ɗamarar sojan Amurka

John Moses Browning bai taɓa zama soja ba, amma da wuya a sami wanda ya kai shi tasiri a kan makaman da sojojin ƙarni na 20 suka riƙa. An haife shi ranar 23 ga Janairun 1855 a garin Ogden da ke Utah ta Amurka. Mahaifinsa, Jonathan, maƙerin bindigogi ne, kuma a maƙerarsa yaron ya tashi. Karatun boko kaɗan ya yi. A 1879 ya sami takardar mallakar ƙirarsa ta farko, wadda daga baya kamfanin Winchester ya saya.

Tunanin da ya ɗaukaka shi mai sauƙin faɗa ne. Duk lokacin da aka harba bindiga, akwai ƙarfin da ke turo ta baya, wanda a da yake tafiya a banza. Browning ya ga cewa wannan ƙarfi zai iya yin aikin da hannun maharbi ke yi: ya fitar da kwanson harsashin da aka harba, ya ɗora sabo.

Yaƙin Filifin ne ya buɗe masa ƙofa. Sojojin Amurka sun koka cewa libarbarsu mai harsashi .38 ba ta tsayar da mayaƙan Moro ko da an same su, don haka hukumar soja ta nemi harsashi .45. Browning ya ƙera harsashin da bindigar duka, kamfanin Colt ya shigar da ita gasa. A gwajin ƙarshe ta harba harsasai 6,000 ba tare da ta cije ba, in ta yi zafi a tsoma ta a ruwa a ci gaba. Ta kamfanin Savage kuwa sau 37 ta ba da matsala. Ranar 29 ga Maris 1911 soja ya amince da ita, aka sa mata suna M1911.

Sirrinta yana cikin ɗan lokacin da ke bin harbi. Bututun da murfin ƙarfen da ke zamewa a kansa sukan ja baya tare a kulle, har harsashi ya fita, matsin hayaƙi ya ragu. Daga nan wata 'yar mahaɗa ta karkato gindin bututun ƙasa, murfin ya kuɓuce ya wuce shi kaɗai, ya jefar da kwanso, sifirin ya dawo da shi gaba da sabon harsashi daga cikin bakwai da ke cikin mariƙi. Yawancin ƙananan bindigogin soja da 'yan sanda na yau, har da Glock, a kan wannan dabara ta karkatar da bututu suke. A Yaƙin Duniya na Biyu buƙatarta ta yi yawa har aka ba Remington Rand, masu keken rubutu, da Singer, masu keken ɗinki, kwangilar ƙera ta. Sai a 1985 Beretta ta maye gurbinta.

Ba duk abin da ya fito daga hannunsa ne ake tunawa da shi da alfahari ba. Ƙirarsa ce, samfurin 1910 na kamfanin FN da ke Beljiyam, Gavrilo Princip ya yi amfani da ita ya kashe Yarima Franz Ferdinand a Sarayebo ranar 28 ga Yunin 1914, kisan da ya tayar da Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A can Beljiyam ɗin ajali ya same shi. Ranar 26 ga Nuwamban 1926 zuciyarsa ta tsaya a masana'antar FN kusa da Liyej, yana da shekara 71, yana tsakiyar aikin wata sabuwar ƙaramar bindiga. Dieudonné Saive ne ya ƙarasa ta, ta fito a 1935 da sunan Hi-Power, mai cin harsashi 13. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940 aka ci gaba da ƙera ta ga sojojin Hitila, yayin da kamfanin Inglis na Kanada yake ƙera wa sojojin ƙawance irinta.