Alhaji Aliyu Namangi (1894–1990): Makahon Ɗalibi da Hannayen da Suka Tallafe Shi

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin adabin Hausa da bai san Waƙoƙin Imfiraji ba. An daɗe ana nazarin jigonsu da salonsu da karinsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne hanyar da mai waƙoƙin ya bi har ya zama malami, alhali bai taɓa karanta harafi da idonsa ba. Tarihin Aliyu Namangi tarihi ne na hazaƙa, haka kuma tarihi ne na mutanen da suka zama masa ido da alƙalami.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Aliyu a ƙauyen Namangi da ke ƙasar Zazzau a wajen shekarar 1894, kuma daga ƙauyen ne ya sami sunan da aka san shi da shi. Ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro. Bai kai shekara goma ba Turawan Ingila suka shiga Zariya a 1902, sannan aka naɗa Aliyu Ɗansidi sarautar Zazzau a 1903, sarkin da shi kansa fitaccen marubucin waƙoƙi ne. Ke nan yaron ya tashi a ƙasar da ilimin addini da rubutacciyar waƙa suke da daraja tun daga fada har zaurukan malamai.

A wancan zamani an riga an shata wa yaro makaho tafarkinsa. Manyan birane suna da unguwannin makafi da Sarkin Makafi, kuma bara ita ce sana'ar da jama'a ke zaton zai ƙare a kanta, da sanda a hannu da ɗan jagora a gaba. Amma akwai wata ƙofa da ba a rufe masa ba, wato ta karatu. Malamai sun san labarin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon sahabin da farkon Suratu Abasa ya sauka a kan sha'aninsa, wanda ya zama ladani a Madina. Saboda haka malamin da ya kori makaho daga gabansa ba shi da hujjar da zai kare kansa da ita.

Karatu da kunne

Makarantar allo ta ginu ne a kan allo da tawada da alƙalami, kayan da ba su da amfani ga marar gani. Sai dai tana da wani ginshiƙi da ya fi waɗannan ƙarfi, shi ne biyawa. Malam ya biya, almajiri ya maimaita, a yi ta tilawa har karatu ya zauna. Haka ma makarantar ilimi: malam yana karanta Larabci gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, ko a Ahalari ko Iziyya ko Risala ko Ishiriniya, ɗalibai suna saurare. A irin wannan zama tazarar da ke tsakanin mai ido da makaho ba ta da faɗi, domin kunne da hadda su ne jarin kowa.

Ta wannan hanya Namangi ya sami Alƙur'ani da ilimin addini da Larabcin da ke bayyana a waƙoƙinsa. Tsarin bai tanadar masa wani kayan aiki na musamman ba. Abin da ya ba shi shi ne lokacin malami, da haƙurin mai maimaita masa karatu, da ƙafar mai kai shi zaure ya komo da shi. Waɗannan su ne kayan karatunsa, kuma da ɗayansu ya yanke da karatun ya tsaya.

Imfiraji da sauran waƙoƙi

Kalmar Imfiraji daga Larabci take, ma'anarta yayewar ƙunci, kuma tushenta ɗaya da sunan ƙasidar nan ta Munfarija ta Ibnun Nahwi, malamin Arewacin Afirka da ya rasu a 1119, wadda almajiran ƙasar Hausa suka daɗe da sani. Namangi ya tsara waƙarsa ƙwar biyar, bisa karin Ramal, ɗango huɗu na farko suna da ƙaramin amsa-amo, na biyar yana ɗauke da babban amsa-amo. Jigoginta sun haɗa da tauhidi da begen Annabi (SAW) da wa'azi kan ruɗin duniya da mutuwa da hisabi, tare da zambo ga miyagun ɗabi'u. Ban da ita ya yi Nuniyya da Waƙar Keke da wasunsu.

Mawaƙin da ba ya rubutu da hannunsa dole ya tsara baiti a zuci, ya auna shi da kunne, ya adana shi a ƙwaƙwalwa, sannan ya yi wa wani shifta. Wannan na iya zama ɗaya daga dalilan da suka sa baitocinsa suke da sauƙin hadda da daɗin rerawa, har makafi masu bara suka ɗauke su suka yaɗa su kasuwa-kasuwa da gida-gida. Manazarta kuma sun lura da yawan hotunan gani a cikin waƙar, abin da ke nuna yadda harshe da saurare suke iya gina wa mutum duniyar da bai taɓa gani ba.

Daga bakin marubuta aikin ya koma hannun maɗaba'a. Zariya ce cibiyar ɗab'in Hausa a zamaninsa: an kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun 1950, kamfanin NNPC kuma ya biyo baya a 1966. A nan aka buga Imfiraji da boko, kashi tara, ta shiga makarantu da jami'o'i. Graham Furniss ya tattauna aikinsa a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa, Russell Schuh kuma ya nazarci karin waƙar da yadda ake rera ta. Namangi ya sauke farali, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta, ya rasu a 1990 yana da shekara fiye da casa'in.

Makaho a makarantar boko

Makarantar boko ta zo da wani tsari dabam, wanda ya dogara ga allon bango da littafi da rubutacciyar jarrabawa. A nan kaifin hadda kaɗai ba ya fitar da ɗalibi. Mafitar ita ce rubutun makafi mai ɗigo shida, wanda Louis Braille na Faransa ya fitar a 1829. Makarantar makafi ta farko a Nijeriya an buɗe ta ne a Gindiri a 1953, lokacin da Namangi ya doshi shekara sittin. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ware sashe ga ilimin masu buƙata ta musamman, kuma a shekarar ce aka kafa kwalejin horar da malamansu a Oyo. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta wajabta wa makarantun gwamnati su karɓe su, su tanadi ƙwararren malami da kayan aiki.

A Jihar Katsina akwai makarantar makafi a birnin Katsina da ta kurame a Malumfashi. Amma yaro makaho da aka haifa a Rawayau ta Ƙaramar Hukumar Kurfi, malamin firamaren garinsu ne zai fara cin karo da shi. Idan malamin bai san rubutun makafi ba, ba shi da allon huda da tsinkensa da takarda mai kauri, to yaron zai zauna a aji a matsayin ɗan saurare, ba tare da ya sami ko irin biyawar da zaure ya ba Namangi ba. Wannan nauyi ne da ya rataya a wuyan cibiyoyin da ke yaye malamai, irin su Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da ke Dutsin-Ma.

Kammalawa

Sau da yawa akan kawo sunan Namangi don a nuna cewa naƙasa ba kasawa ba ce. Gaskiya ne, amma tarihinsa ya nuna sharaɗin da ke tare da wannan magana: sai da mai biyawa da mai jagora da mai rubutawa da mai bugawa suka tsaya kafin hazaƙarsa ta isa ga jama'a. Sassan nazarin Hausa suna da nasu kason a wannan aiki. Ɗalibi makaho da aka ɗora wa nazarin Imfiraji yana da haƙƙin ya same ta cikin rubutun makafi mai bambanta ɓ da ɗ da ƙ daga takwarorinsu, ya same ta a naɗe da murya, a kuma ba shi jarrabawar da zai iya amsawa da kansa.