Muhammadu Al-Katsinawi: Masanin Lissafi Daga Ƙasarmu

Yawancin ɗalibanmu suna tsammani lissafi baƙo ne da Turawa suka kawo. Ba haka ba ne. Tun kafin zuwan boko ƙasar Hausa ta haifi masana, ɗayansu kuwa shi ne Muhammadu ɗan Muhammadu Bafulatani, wanda aka fi sani da Al-Katsinawi.

Mutumin Katsina ne, wato maƙwabcinmu mu mutanen Gwarzo da Kabo. Ya yi karatu mai zurfi, ya gwanance a lissafi da ilimin taurari. Daga baya ya tafi aikin hajji, sannan ya zauna a birnin Alkahira na ƙasar Masar.

A shekarar 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan yadda ake tsara hatimi. Hatimi zane ne mai gidaje, ana cika su da lambobi yadda jimlar kowane layi za ta zo ɗaya, a tsaye, a kwance, da a karkace. Mai gida tara yana ɗaukar lambobi 1 zuwa 9, kowane layi ya ba da 15. Mai gida 25 kuwa yana ba da 65. Mutanen zamaninsa sun yi amfani da hatimi wajen laya, amma mu lissafin muke dubawa. Ya rasu a Alkahira a 1741, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin sanannen marubucin tarihin nan Abdurrahman al-Jabarti.

Me za mu koya? A hatimi babu kusan daidai. Lamba ɗaya ta kauce, aiki ya rushe. Masu tsara manhajar kwamfuta suna fama da wannan matsala har yau. In an rubuta sulusi 0.3333, aka ninka sau uku, 0.9999 za a samu, ba ɗaya ba. In aka maimaita sau dubbai, sai kuskuren ya girma, kamar mai awo da ke rage ɗan kaɗan a kowace tiya. Shi ya sa wasu manhajoji ke ajiye sulusi yadda yake, 1 a sama, 3 a ƙasa, don kada kome ya salwanta.

Ya ku ɗalibai, mu zama masu aminci a ƙaramin abu, a aji ko a kasuwa. Allah ya taimake mu. Amin.