Ladi Kwali: Maginiyar da Ta Kai Tulun Gwari Birnin Landan

Duk wanda ya duba bayan takardar Naira 20 zai ga hoton wata mace tana ginin tukunya. Wannan ita ce marigayiya Ladi Kwali, wadda aka haifa wajen shekarar 1925 a garin Kwali na ƙasar Gwari, wanda yanzu yake cikin yankin Babban Birnin Tarayya.

Tun tana ƙarama ta koyi ginin tukwane a hannun wata mace daga cikin danginta, kamar yadda matan ƙasar suka gada. Da hannu take murza yumɓu tana ɗora shi hawa-hawa har tulu ya tashi, sa'an nan ta zana masa kunama, ko ƙadangare, ko kada, ko kifi. Saboda kyan aikinta ne Sarkin Abuja, Alhaji Sulaimanu Barau, ya ajiye waɗansu tulunanta a gidansa. A can ne wani Bature magini ɗan Ingila, Michael Cardew, ya gan su a 1950.

Cardew ya buɗe makarantar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ladi ta shiga a 1954, kuma ita ce mace ta farko da aka ɗauka. A nan ta koyi gini a kan keken juyi, da shafa ruwan ƙyalli irin na tangaran, da gashi a tanderu mai tsananin zafi.

Amma duk da wannan sabon ilmi, ba ta yar da na gida ba. Ta ci gaba da gina manyan tuluna da hannu, da siffarsu da zanensu na Gwari, sai dai da yumɓu mai jure wa babbar wuta. Wannan ya canza amfaninsu. Tulun gargajiya yakan yi naso, shi ya sa yake sanyaya ruwa. Wanda aka shafa wa ƙyalli kuwa ya yi nauyi, ba ya naso, sai ya zama kayan ado.

An nuna aikinta a Landan a 1958 da 1959 da 1962. Ita kanta ta je Ingila a 1962, da Amurka a 1972, tana gini a gaban jama'a. Ta sami lambar M.B.E. a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dakta a 1977, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba ta lambar O.O.N. a 1981.

Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984. Makarantar da ta shiga tana ɗaliba, daga baya sunanta aka sa mata.