C.S. Lewis, Malamin da Ya Yi Wa'azi da Tatsuniya

An haifi Clive Staples Lewis a birnin Belfast a 1898. Yana ɗan shekara tara ciwon daji ya kashe mahaifiyarsa, duk da addu'ar da ya yi ta yi. Da ya tasa sai ya juya wa Allah baya. Ya ji rauni a Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga baya ya zama malami a Jami'ar Oxford. Sai a 1931 ya ba da gaskiya ga Yesu Almasihu, bayan doguwar hirar dare da abokinsa Tolkien.

A 1939 aka kawo yara gidansa daga Landan don gudun bama-bamai. Irinsu ya sa cikin littafinsa na 1950: suka shiga kabad ɗin tufafi suka ɓulla ƙasar Narnia, inda dabbobi ke magana, wata mayya kuma ta hana sanyi wucewa. Zaki Aslan ya ba da ransa domin yaron da ya ci amanar 'yan'uwansa, ya kuma tashi daga matattu. Akwai masu bi da ba sa son ganin mayya a littafin yara, Tolkien kansa bai so labarin ba. Amma yaron da ke zuwa makarantar Lahadi ba sai an faɗa masa ko wane ne zakin nan ba.

Littattafan Narnia bakwai ne. Lewis ya rasu ran 22 ga Nuwamba 1963, ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka.