Robert Weitbrecht

Robert Haig Weitbrecht (an haife shi ranar 11 ga Afrilu, 1920, ya rasu a watan Mayu, 1983) injiniya ne kuma masanin ilimin taurari ɗan ƙasar Amurka, wanda aka haifa kurma. An fi saninsa da na'urar da ya ƙirƙira a shekarar 1964, wadda ta haɗa keken rubutu mai aika saƙo da wayar tarho ta gida, har kurame suka samu damar kiran juna da kansu ta hanyar rubutu. Wannan tsari, da aka sani da TTY, shi ne mafarin hanyoyin sadarwar da a yau suke haɗa bidiyo da rubutu da murya a kira ɗaya domin kurame da masu ƙarancin ji.

Rayuwar farko da karatu

An haifi Weitbrecht a garin Orange da ke jihar Kalifoniya. An rene shi a kan karanta leɓen mai magana da yin magana da baki, kamar yadda aka saba yi wa yaran kurame da yawa a Amurka a wancan zamani, kuma yawancin karatunsa tare da yara masu ji ya yi shi. Tun yana sakandare hankalinsa ya karkata ga taurari, har ya haɗa madubin hangen nesa da hannunsa. Ya samu digiri na farko a ilimin taurari daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1942, sannan digiri na biyu daga Jami'ar Chicago a 1957.

Ya yi aiki a ɗakin binciken nukiliya na Berkeley lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan a cibiyar gwajin makamai ta sojojin ruwan Amurka da ke Point Mugu. Daga nan ya koma cibiyar kallon taurari ta Yerkes a jihar Wisconsin, kafin ya dawo Kalifoniya ya kama aiki a Cibiyar Bincike ta Stanford.

Rediyo da keken rubutu

Abin da ya kai shi ga ƙirƙirar da ta fito da sunansa ba aikin ofis ba ne, sha'awa ce ta bayan tashi daga aiki. Weitbrecht yana cikin masu riƙe ƙaramar tashar rediyo a gida don hira da takwarorinsu na nesa, kuma lambar kiransa ita ce W6NRM. Da alamomin Morse ya fara, domin ƙara ce kawai doguwa da gajeruwa, wadda ta fi maganar baki sauƙin kamawa idan an ƙure sautinta. Wajen 1950 ya samu tsohon keken rubutu na waya, irin wanda gidajen jarida suke karɓar labarai da shi, ya jona shi da rediyonsa. Duk abin da wani ya buga daga nesa sai ya fito masa a takarda. Yana cikin waɗanda suka matsa wa hukumar sadarwa ta Amurka, FCC, ta buɗe wa masu wannan sha'awa ƙarin zangon rediyo don aika irin wannan rubutu.

Kiran 1964

Alexander Graham Bell, wanda ya yi rajistar tarho a 1876, malamin kurame ne, matarsa kurma ce, mahaifiyarsa ma ta rasa jinta. Duk da haka tarho ya shafe shekara 88 ba shi da wani amfani ga kurma. Wanda yake son kiran likita, ko 'yan kwana-kwana, ko wurin aikinsa, dole ya nemi maƙwabci ko ɗansa mai ji ya yi masa, kuma duk sirrin da ke cikin maganar sai ya bi ta kunnen wannan mutum.

Wani likitan haƙori kurma a garin Pasadena, James C. Marsters, ya ji labarin abin da Weitbrecht yake yi da rediyo, sai ya neme shi ya gwada yin haka a layin tarho. Matsalar farko ta doka ce: kamfanin AT&T, wanda ke riƙe da kusan dukkan layukan ƙasar, bai yarda a jona wata na'ura da ba tasa ba a jikin wayarsa. Weitbrecht ya kauce wa wannan ta hanyar ƙera wani mazauni da ake ɗora kan tarhon a kai. Mazaunin yana mayar da kowane harafi ƙara, ƙarar ta bi layi kamar yadda murya take bi, a ɗaya ɓangaren kuma wani mazaunin ya mayar da ita harafi. Babu wayar da aka yanke ko aka jona. Matsala ta biyu ita ce amsa-kuwwa a dogayen layuka, wadda take dawo da ƙarar ta dagula rubutun, kuma maganinta ne ya fi cin lokacinsa.

A watan Mayu na 1964 mutanen biyu suka yi kira tsakanin Redwood City da Pasadena, nisan da ya haura kilomita 500, wato ya fi tsakanin Kano da Abuja. Daga baya su biyun suka haɗu da wani injiniya kurma, Andrew Saks, jikan wanda ya kafa kantin Saks Fifth Avenue, suka kafa kamfanin Applied Communications Corporation, wanda ya riƙa sayar da na'urar da sunan Phonetype. Weitbrecht ya samu takardar mallakar ƙirƙirar a 1970.

Yadda na'urar take aiki

TTY yana amfani da tsarin Baudot, inda ake gina kowane harafi da alamomi biyar. Sauti biyu ne ke ɗaukar alamomin, ɗaya mai kaɗawa 1,400 a daƙiƙa, ɗaya 1,800, saurin kuma kimanin kalma 60 ne a minti. Alamomi biyar ba sa ba da fiye da haɗi 32, saboda haka babu ƙananan baƙaƙe, sannan sai an danna maɓalli na musamman kafin a koma lambobi. Da Hausa za a buga da shi, babu inda za a sa ɓ da ɗ da ƙ, sai mai karatu ya rarrabe ƙasa da kasa daga ma'anar jimla. Mutum ɗaya ne kawai ke iya rubutu a lokaci guda, don haka masu amfani da shi suka ɗauki GA a matsayin alamar miƙa wa abokin hira magana, SK kuma alamar sallama.

Yaɗuwar na'urar ta yi jinkiri, domin kekunan rubutun tsofaffi ne, wasu sun fi buhun shinkafa nauyi, kuma samunsu wahala ne. Kurame da kansu suka koyi gyaransu suna rarraba wa juna. A St. Louis, Paul Taylor ya haɗa gidajen kurame da tsofaffin kekunan kamfanin Western Union. A 1968 aka kafa ƙungiyar TDI don tattara kekunan da buga littafin lambobin masu su, kuma a shekarar ce FCC ta yanke hukuncin Carterfone, wanda ya halatta jona na'urorin wasu kamfanoni da layukan AT&T.

Rasuwa

Jami'ar kurame ta Gallaudet, wadda a lokacin kwaleji ce, ta ba shi digirin girmamawa a 1974. Ya rasu a 1983 yana da shekara 63, bayan mota ta buge shi yana zagayawa da karensa. Harry G. Lang ya ba da tarihin wannan gwagwarmaya a littafinsa A Phone of Our Own na shekarar 2000.

Bayansa

TTY yana haɗa masu TTY ne kaɗai. Don kurma ya kira mai ji, sai an sa mutum a tsakiya yana karanta rubutun da baki yana kuma buga amsar. Dokar naƙasassu ta Amurka ta 1990 ta wajabta samar da wannan hidima, kuma tun 2001 ana samunta a duk ƙasar ta lamba 711.

Akwai gibin da ya fi wannan zurfi. Weitbrecht da Marsters mutane ne da suka ƙware a rubutaccen Turanci, amma ga kurame da yawa harshen farko shi ne na hannu, mai nahawunsa na daban, inda ɗaga gira ko juya kai yake yin aikin da karin sauti ke yi a maganar baki. Rubutu ba ya ɗaukar wannan. A 1964 ɗin ma AT&T ya nuna tarho mai hoto, Picturephone, a bajekolin New York, amma tsada ta kashe kasuwarsa. Sai da intanet ta yi ƙarfi sannan kira ta bidiyo da tafinta a tsakiya ya yaɗu. A shekarar 2000 Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, ta fitar da ƙa'idar F.703, wadda ta bayyana kira mai ɗauke da bidiyo da murya da rubutu mai fitowa harafi bayan harafi, duk a lokaci ɗaya.

A ƙasar Hausa

TTY bai yaɗu a Najeriya ba, domin layin tarho na gida yake buƙata, kuma kafin zuwan wayar salula a 2001 layukan ƙasar gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba. Kuramen Najeriya sun fara ne daga saƙon tes, sannan kiran bidiyo ta WhatsApp da makamantansa.

A Kano buƙatun sun sha bamban. Akwai masu maganar hannu ta Hausa, harshen da Constanze Schmaling ta nazarta a littafinta na 2000. Akwai waɗanda suka yi makaranta irin ta Tudun Maliki, da aka buɗe a 1977, inda alamomin Amurka da Andrew Foster ya kawo Najeriya a 1960 suka yi tasiri. Duka biyun bidiyo suke buƙata, mai hoton da ba ya tsinkewa, domin yatsa ɗaya kan sauya ma'ana. Sai kuma wanda jinsa ya ragu bayan ya girma, kamar ma'aikacin da ya daɗe a gaban injina masu ƙara irin na masana'antun Challawa da Sharada da Bompai. Shi bai koyi maganar hannu ba, kuma bakinsa garau yake: da muryarsa zai yi magana, amsar ce yake so ta zo masa a rubuce.